Gida ɗaya, baƙi biyu: yadda bairos masu cin bakteriya ke gwabzawa a tsakaninsu

A shekarar 1942 wasu masana biyu da guguwar siyasar Turai ta kaɗo Amurka, Max Delbrück Bajamushe da Salvador Luria ɗan Italiya, suka ƙulla wata dabara. Sun san akwai wasu bairos da ba ruwansu da mutum ko dabba, bakteriya kaɗai suke kamawa. Sun san bairos ɗin yakan shiga cikin bakteriya guda ya yi shiru na ɗan lokaci, can sai bakteriyar ta fashe, 'ya'yansa su watso waje. Abin da ke gudana tsakanin shigar da fashewar ne ya gagare su gani. Sai suka ce bari su tura iri biyu cikin bakteriya ɗaya, mai saurin fasawa da mai nawa. In mai saurin ya fasa gidan, sai su leƙa su iske mai nawan a tsakiyar aikinsa. Da suka gwada, iri ɗaya ne kawai ya fito, kuma mai nawan ne. Wanda suka kira gamma, da daga baya aka raɗa wa suna T2, ya danne alfa, wato T1, ko ɗa ɗaya bai bar shi ya haifa ba.

Dabararsu ba ta biya buƙata ba, amma ta tono wani abu da har yau ake bin sawunsa. Waɗannan bairos, da masana ke kira fej, daga kalmar Girkanci mai nufin ci, suna da abokin gaba wanda sau da yawa ya fi bakteriyar da suke kamawa haɗari a gare su, wato wani fej ɗin. Ana kiyasin yawansu a duniya ya kai 1 da sifili 31 a bayansa, sun ninka bakteriya wajen sau goma. Inda masu nema suka fi abin nema yawa haka, dole a yi karo a bakin ƙofa ɗaya. Kuma da yake fej ba shi da hannu ko haƙori, duk makamin da zai yi faɗa da shi a rubuce yake cikin ƙwayoyin gadonsa. Shi ya sa wanda ke son fahimtar wannan gasa sai ya karanta kundin gadon fej layi-layi.

Bari mu fara da T4, ɗan uwan T2 na jini, domin ba fej ɗin da aka yi wa filla-filla kamarsa. In aka jera 5,000 daga cikinsa kai da wutsiya, da kyar su kai tsawon milimita ɗaya. Yana da kai mai kusurwoyi da ke ɗauke da DNA, wato kundin gadonsa, da wutsiya, da ƙafafu shida sirara. Da ƙafafun yake laluben jikin bakteriyar hanji E. coli har ya dace da wurin kamawa, sai ya durƙusa, wutsiyar ta tsuke, wani bututu ya huda fatar bakteriyar, DNA ya zarce ciki. Daga nan minti 25 zuwa 30 yake buƙata a zafin jikin mutum kafin gidan ya fashe da 'ya'ya ɗari ko ɗari biyu. A cikin ƙwayoyin gadonsa kusan 300, akwai waɗanda aikinsu na farko shi ne rufe ƙofa a bayansa. Ɗaya ana kiranta imm: furotin ɗin da take samarwa yana zama a fatar ciki ta bakteriya, ya hana DNA na wani T4 da ya zo a makare ƙarasawa ciki, sai ya maƙale tsakanin fatu biyu har sinadaran bakteriyar su daddatsa shi. Ta biyu, sp, tana dakushe sinadarin da baƙon ke huda bango da shi. Cikin 'yan mintuna da shigar na farko, gida ya zama nasa.

Akwai kuma wanda ya fi wannan tsanani. Haruffa huɗu ake rubuta DNA da su, A da T da G da C. T4 ya sauya wa harafin C nasa kama, ya kuma lulluɓe shi da sukari. Sannan ya zo da sinadarai masu yanka duk DNA ɗin da C ɗinsa ke tsirara, da wani furotin mai hana a karanta irin wannan DNA. Kundin gadon bakteriyar ne abin harin farko, domin da ɓaraguzansa T4 ke gina nasa. To amma duk wani fej mai C na gama-gari da ya tarar a ciki, wutar ba za ta tsallake shi ba. T2 ma haka yake da nasa sauyayyen C, kuma wannan na cikin abin da ya sa T1 bai kai labari ba a gwajin 1942.

Abin da ya fi burge ni a T4 shi ne amfanin da yake yi da baƙon da ya hana shiga. Wanda ya taɓa riƙe farantin gwaji ya ɗaga shi sama ya duba da haske zai gane abin da nake nufi. Ana shimfiɗa bakteriya a kan wani abu mai kama da kunun da ya daskare, su yaɗu su rufe fuskar farantin kamar hazo. Duk inda fej guda ya faɗa, washegari za a ga ɗan fili fayau, inda ya cinye na kusa da shi. Filin T4 na asali ƙarami ne, gefensa dushi-dushi. A 1946 Alfred Hershey ya lura da wasu filaye manya masu kaifin gefe, ya gano cewa masu yin su T2 ne da danginsa irin su T4, da wata ƙwayar gado ta lalace musu, ya kira su r. A 1948 August Doermann ya bayyana sirrin: T4 na asali, in wani T4 ya sake dira a kan bakteriyar da yake ciki, sai ya ɗage fashewar. Maimakon rabin awa, yana iya kai awanni yana ta tara 'ya'ya, yawansu ya ninka sau da dama. Furotin da ake kira T shi ke huda fata in lokaci ya yi, wani kuma mai suna RI shi ke riƙe masa hannu, kuma zuwan baƙo ne ke ƙara wa RI ƙarfi. Hikimar a bayyane take. In har ana ta ƙwanƙwasa maka ƙofa, alama ce waje ya cika da masu neman gida, gidajen kuma sun yi ƙaranci. Fita a wannan hali asara ce, gara a zauna a tatse wanda ke hannu. Masu r ba sa jin ƙwanƙwasar, shi ya sa suke fasawa da wuri filinsu ya yi faɗi.

Duk wannan halin mai shiga ya kashe ne. Akwai wani rukunin fej da ke da zaɓi na biyu, wato likimo. Fitaccensu shi ne lambda, wanda Esther Lederberg ta gano a farkon shekarun 1950 ɓoye cikin E. coli irin K-12. Lambda yana iya shiga ya fasa kamar T4, yana kuma iya soka DNA ɗinsa mai haruffa 48,502 cikin kundin gadon bakteriyar ya yi lamo. Duk lokacin da ta rabu biyu, an kwafe shi tare da ita. Abin da ke riƙe shi a kwance furotin ne guda, CI, wanda ke zama a kan makunnin ƙwayoyin gadon fasawa ya hana su tashi. CI ɗin kuma yana yawo a cikin bakteriyar, don haka in wani lambda ya shigo daga waje, nan take zai hau makunninsa shi ma ya kashe. Da furotin ɗaya ya tsare kansa, ya kuma tsare gidan daga 'yan uwansa. A faranti, filin lambda ba ya yin fayau, tsakiyarsa gurɓi-gurɓi ne, domin bakteriyar da ya yi likimo a cikinsu suna ci gaba da girma a tsakiyar ɗimbin lambda, ba abin da ya same su.

Makulli kuwa, in dai iri ɗaya ne, wata rana sai an samu mai mabuɗin da ya saɓa. Akwai lambda da 'yan haruffa suka sauya a makunninsa yadda CI ba ya iya zama a kai, wannan yana shiga gidan ɗan likimo ya fasa shi. Akwai kuma danginsa irin su 434 da 21, da suka yi kama da shi a wurare da yawa amma kowanne da nasa CI da nasa makunni, kowa ba ya jin umarnin wani. Duk wanda ya fito da sabon makulli yana iya shiga gidajen da na tsohon makulli suka mamaye, ya kuma rufe nasa. Wannan ribar da ake samu daga bambanta da saura ita ce, a fahimtar masana da yawa, ke sa wannan yanki na kundin gadon fej yake ta rarrabuwa iri-iri.

Dab da ƙwayar gadon CI akwai wasu biyu, rexA da rexB, da ke aiki ko lambda na kwance. Su ba 'yan uwa suke jira ba, bare suke jira. In wasu fej suka shigo, RexB yakan buɗe kafa a fatar bakteriyar, ƙarfin lantarkin da take rayuwa da shi ya zube, aikin baƙon ya tsaya cak. Galibi bakteriyar ma ba ta tashi. A ido kamar hauka ne mutum ya rusa gidansa don ya hana ɓarawo, amma maƙwabtan wannan bakteriya 'yan uwanta ne da suka fito daga tsatso ɗaya, kowace da kwafin lambda a cikinta. Mutuwar ɗaya ta hana 'ya'yan baƙo ɗari su fito su afka wa sauran. T4 kuwa bai zauna haka ba, yana da rIIA da rIIB da ke karya wannan tarko. T4 ɗin da rII ɗinsa ya lalace ne kaɗai ke mutuwa a gidan lambda.

A nan tarihin kimiyya ya ci wata babbar riba. Seymour Benzer, a Jami'ar Purdue, ya gane cewa wannan gaba tsakanin fej biyu rariya ce da ba ta da tamka: a zuba miliyoyin T4 masu lalataccen rII a kan bakteriya mai ɗauke da lambda, wanda ya gyaru ne kawai zai yi fili. Da wannan rariya, daga 1955 zuwa 1961, ya tsara taswirar sauye-sauye sama da 2,000 a cikin rII, ya nuna cewa ita kanta ƙwayar gado dogon layi ce mai rabuwa gaɓa-gaɓa. A 1961 kuma Francis Crick da Sydney Brenner da abokan aikinsu a Kambirij suka yi amfani da rII ɗin nan suka nuna cewa haruffa uku-uku ake karanta DNA. Ɗalibin da ke haddace wannan a aji yau ba kasafai ake gaya masa cewa daga faɗan lambda da T4 aka samo shi ba.

Wasu fej ɗin ƙofar waje suke sauyawa. T5 yana shiga ta wata kafa da E. coli ke shigo da sinadarin ƙarfe, da ya shiga sai ya samar da furotin da ke toshe kafar. P22, mai kama bakteriyar Salmonella, yakan sauya fasalin sukarin da ke lulluɓe da jikin bakteriyar, wanda shi ne abin da shi kansa ya kama ya shiga, sai na bayansa su zo su rasa mariƙi.

To me ke faruwa in ba a rufe ƙofar ba, fej biyu ko uku suka haɗu a ciki suna aiki tare? Nan ne lissafin ya fi ɗaure kai. A cikin bakteriya ba a rubuta suna a jikin kaya. Ƙoƙon kai, da sinadarin kwafi, da sauran sassan da kowane fej ya sa aka ƙera, duk tuli ɗaya suke zama, kowa ya ɗiba. Abin ya yi kama da gayya: an taru a gona ɗaya, amma ba mai ƙirga kunyar da kowa ya nome, kuma fura ɗaya za a dama wa kowa. Wanda ya rage noma ya matsa kusa da ƙwarya shi ke da riba, muddin sauran na noma.

Paul Turner da Lin Chao sun auna wannan da fej mai suna phi6, wanda ke kama wata bakteriya mai sa wa ganyen wake cuta. Sun raba zuriya ɗaya gida biyu. Kashi ɗaya suka rene shi a yanayin da fej biyar ke rububin bakteriya guda, ɗaya kashin kuma a yanayin da fej ɗaya ke da bakteriya 500 a gabansa, da wuya ya haɗu da ɗan uwansa. Bayan haihuwa kusan 250, waɗanda suka tashi cikin cunkoso sun fitar da wani iri da ya ƙware wajen kwasa daga tulin. A 1999 suka fitar da alkaluman. In aka ɗauki ribar na asali idan ya haɗu da irinsa a matsayin 1, to mai kwasar idan ya haɗu da na asali yana samun 1.99, na asalin kuma ya sauko 0.65. Idan mai kwasa ya haɗu da mai kwasa, kowanne 0.83 yake tashi da shi. A duba da kyau: ko da wa ka haɗu, kwasa ta fi riba a gare ka, don haka masu kwasa za su yi ta yawa har su mamaye. Ranar da suka mamaye kuwa, kowa 0.83 yake samu, ƙasa da 1 ɗin da ake samu tun farko. Zaɓin halitta, wato yadda mai riba ke yaɗuwa mai asara ya ɓace, wanda muka saba ɗauka yana ƙara wa zuriya ƙarfi, a nan ya rage mata, domin gasar da aka ci a cikin gida daban take da gasar da ake yi a waje. A ganina wannan shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya, kuma duk wanda zai yi aiki da fej ya kamata ya riƙe shi.

Wani lokacin kuma da wuƙa ake shiga gayyar. An daɗe da lura cewa in T2 da T4 suka shiga bakteriya ɗaya suka yi musayar gado, 'ya'yan sun fi ɗauko na T4. Dalili shi ne T4 na ɗauke da ƙwayoyin gado fiye da goma masu samar da almakashi na musamman, wanda ke yanka DNA na ɗan uwa a daidai wurin da shi ba ya ɗauke da ƙwayar. In aka zo ɗinke yankan, da kwafin T4 ake yin faci, sai ƙwayar ta yaɗu tare da maƙwabtanta. Da can ana kallon irin waɗannan a matsayin 'yan ci-ma-zaune da ke yaɗa kansu kawai. A 2024 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego suka nuna cewa wani babban fej mai suna phiPA3 yana amfani da irin wannan almakashi ya yanka wata muhimmiyar ƙwayar gado ta abokin hamayyarsa phiKZ, ya hana shi haɗa 'ya'yansa, idan sun haɗu a cikin bakteriyar Pseudomonas aeruginosa.

Daga mai rage noma zuwa wanda ba ya zuwa da fartanya sam, taki ɗaya ne. P4 ƙaramin fej ne mai haruffa kimanin 11,600, ba shi da ƙwayoyin gadon ƙera kai ko wutsiya. Jira yake P2, mai haruffa kimanin 33,600, ya buɗe masana'antarsa. Sai P4 ya saka furotin ɗinsa mai suna Sid, wanda ke ɗaure ƙoƙon kan tun ana gina shi ya tilasta masa fitowa ƙarami, daidai cikin DNA na P4, na P2 kuwa ba zai shiga ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. An samu P2 da suka sauya furotin ƙoƙonsu yadda Sid ba ya kama shi, gasar ta ci gaba. Sai dai a 2022 masana a Cibiyar Pasteur ta Faris suka ƙara wani bayani: P4 da danginsa suna ɗauke da tarin makaman kare bakteriya daga wasu fej na daban. In wani mugun fej na yawo a unguwa, P2 na iya cin ribar zama da P4, domin shi ke kore masa abokin hamayya.

Misalin da ya fi kusa da rayuwarmu yana cikin kwalara. Bakteriyar Vibrio cholerae ba ta zama mai kisa sai da taimakon fej: a 1996 Matthew Waldor da John Mekalanos suka nuna cewa ƙwayoyin gadon dafin da ke sa gudawa mai kama da ruwan shinkafa na wani fej ne, CTX, da ya yi likimo a cikinta. Annobar 2021 a Najeriya, wadda hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,600 suka rasu, Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara na cikin inda ta fi tsanani, dafin wannan ɗan likimo ne ya yi ta. A Daka ta Bangaladash kuwa, inda cibiyar binciken cututtukan gudawa ta ICDDR,B ta shafe shekaru tana adana samfurin bayan gidan marasa lafiya, an gano wani fej mai kisa, ICP1, da ke bin bakteriyar kwalara har cikin hanjin mutum yana cinye ta.

Wasu daga cikin bakteriyar kwalarar suna ɗauke da wani guntun DNA mai haruffa kimanin 18,000 da ake kira PLE. Kwance yake ba motsi, sai ranar da ICP1 ya shigo. Da furotin ɗin ICP1 ɗin kansa PLE ke gane an zo, ya fizge kansa daga kundin bakteriyar, ya shiga kwafin kansa da kayan baƙon, ya yanka DNA ɗinsa, ya ƙanƙanta ƙoƙon kai kamar yadda P4 ke yi, ya kuma gaggauta fashewar. Bakteriyar ta mutu, amma ICP1 ko ɗaya ba ya fita, PLE ne ke fita sanye da rigarsa. A 2013 Kimberley Seed da Andrew Camilli na Jami'ar Tufts suka ba da rahoton abin da ba wanda ya zata: wasu ICP1 suna ɗauke da nasu tsarin CRISPR. Wannan tsari an san shi ne a matsayin garkuwar bakteriya, inda take ajiye guntun DNA na fej ɗin da ya taɓa kai mata hari don ta gane shi ta yanka in ya dawo. ICP1 ya mallaki makamin ya juya shi kan PLE, har yana iya ƙara sabon guntu in PLE ya sauya. Wasu ICP1 ɗin kuma, a daidai wannan gurbi na kundinsu, wani almakashi ne daban mai yanka wurin da PLE ke fara kwafi. Da aka bi samfuran shekara-shekara, sai aka ga wani irin PLE ya yi zamani ya ɓace, wani ya maye gurbinsa, ICP1 ma yana sauya makami. Duk wannan a cikin hanjin mai jinya yake faruwa, yayin da ake fama a ɗura masa ruwan gishiri da sukari.

Kada a ɗauka kullum faɗa ne. A 2013 aka gano a Toronto ta Kanada cewa wasu fej na da ƙananan furotin masu kashe kaifin CRISPR, a 2018 kuma ƙungiyoyi biyu, ɗaya a San Francisco ta Amurka ɗaya a Jami'ar Exeter ta Ingila, suka nuna cewa sau da yawa na farkon shiga ba ya tsira, amma yakan bar bakteriyar a raunane, na bayansa ya ci nasara. A 2017 ɗakin binciken Rotem Sorek a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila ya gano cewa fej phi3T na barin wani ɗan saƙo na sinadari duk inda ya kama bakteriya. In saƙon ya taru da yawa, na baya sukan zaɓi likimo maimakon kisa. Lambda ma, tun 1973 Philippe Kourilsky ya nuna ya fi karkata ga likimo idan sun shiga su da yawa. Lissafin dai ɗaya ne da na T4 mai ɗage fashewa, wato kowa na ƙoƙarin sanin yawan masu nema a waje kafin ya yanke shawara.

Me ya sa na damu da wannan har na zauna rubuta shi? Saboda magungunan kashe bakteriya suna ta rasa kaifi. Wani babban bincike ya kiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ba ta jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce kan gaba. Hankali ya fara komawa kan jinya da fej, abin da Félix d'Hérelle, wanda ya raɗa musu suna a 1917, ya fara gwadawa, kuma Cibiyar Eliava ta Tibilisi a Jojiya ke yi tun 1923. Al'adar ita ce a haɗa fej iri-iri a kwalba ɗaya, don in bakteriya ta kauce wa ɗaya, wani ya kama ta. Tunanin daidai ne, amma wanda ya bi bayanin da ya gabata zai ga inda gizo ke saƙa. Biyu na iya rububin ƙofa ɗaya, bakteriyar ta sauya ƙofar ta tsere musu gaba ɗaya. Ɗaya na iya shiga ya danne ɗayan, ko da ɗayan ne ya fi haihuwa. Fej ɗin da aka yi ta renonsa cikin cunkoso a masana'anta na iya ƙwarewa wajen kayar da 'yan uwansa, ya rage ƙarfi a gaban bakteriyar da aka tanade shi dominta. Bakteriyar mara lafiyan kuma ta yiwu tana ɗauke da nata ɗan likimo mai gadi, wanda zai karya maganin tun a bakin ƙofa. Ban ga hikimar zuba fej goma a kwalba ba tare da an gwada su bibbiyu a kan bakteriyar majinyacin ba. Uku da aka san zamansu da juna sun fi.

Jinyar da aka ba da rahotonta a 2019 ta nuna yadda ake aiki da wannan sani. Wata yarinya 'yar shekara 15 a asibitin yara na Great Ormond Street da ke Landan, bayan an yi mata dashen huhu, ta kamu da Mycobacterium abscessus, dangin bakteriyar tarin fuka, wadda ta ƙi jin magani. Aka aika samfurin bakteriyar wa Graham Hatfull a Jami'ar Pittsburgh, wanda ke da taskar fej sama da 10,000 da ɗalibai suka tattaro daga ƙasa da shara. A cikinsu uku ne suka dace. Ɗaya, Muddy, an samo shi ne daga ruɓaɓɓen yalo a Darban ta Afirka ta Kudu, kuma shi da ma mai kisa ne. Sauran biyun, ZoeJ da BPs, masu likimo ne, wato in aka sa su yadda suke, suna iya kwanciya cikin bakteriyar su zama masu gadinta. Sai aka cire wa ZoeJ ƙwayar gadon da ke yin aikin da CI ke yi wa lambda, aka kuma yi amfani da BPs da aka lalata masa tasa. Aka riƙa yi mata allurar ukun ta jijiya sau biyu a rana, tsawon watanni. Miyakun fatarta suka fara rufewa, aikin hantarta da numfashinta suka inganta.